Ɗan Shekara Huɗu da Takardar Kora: Yadda Amurka Ke Neman Mafita

A shekarar 2005 wani masanin halayyar yara na Jami'ar Yale, Walter Gilliam, ya fitar da sakamakon wani bincike da ya tayar da ƙura a harkar ilimin Amurka. Ya tattara bayanai daga azuzuwa kusan 4,000 na makarantun share fagen shiga firamare waɗanda gwamnatocin jihohi 40 ke ɗaukar nauyinsu, ya gano cewa cikin kowane yara 1,000 ana korar kusan 7 daga makaranta baki ɗaya. Adadin ya ninka na ɗaliban firamare da sakandare sau uku da ɗoriya. Waɗanda ake korar kuwa 'yan shekara uku zuwa biyar ne, wasu ko rubuta sunansu ba su iya ba tukuna. Laifuffukan da ake lissafa musu sun haɗa da cizo, duka, jifa da kayan wasa, birgima, da ƙin zama wuri ɗaya.

Binciken ya nuna cewa korar ba ta faɗa wa kowa daidai. Yara maza sun fi mata fuskantarta sau huɗu da rabi, baƙaƙen fata kuma sun ninka Turawa. A 2014 ofishin kare haƙƙin jama'a na Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ya fitar da nasa alƙaluman: baƙaƙen fata su ne kashi 18 cikin 100 na yaran waɗannan makarantu, amma su ne kashi 48 cikin 100 na waɗanda aka dakatar fiye da sau ɗaya. Daga baya wani ƙiyasi da aka ɗora a kan binciken lafiyar yara na ƙasa na 2016 ya nuna ana korar yara kimanin 17,000 a shekara, ban da dubban da ake dakatarwa na 'yan kwanaki.

Tun daga lokacin ake ta neman magani, kuma wanda ya fi karɓuwa a yau shi ne tsarin da ke cewa a dubi raunin da ke cikin zuciyar yaro kafin a yanke masa hukunci. Masu wannan ra'ayi suna cewa a daina tambayar "me ke damun yaron nan da ba ya ji?", a koma tambayar "me ya faru da shi?" Tunani ne mai kyau, kuma yana da tushe a kimiyya. Sai dai idan aka duba abin da ya biyo baya cikin shekaru kusan 20, za a ga cewa inda ya yi amfani, malama ce ya fara taimaka wa kafin yaro. Inda aka tsallake malama kuwa, sunansa kawai aka ɗauka.

Tushen tunanin

Tsakanin 1995 da 1997 wasu likitoci biyu, Vincent Felitti na asibitin Kaiser Permanente da ke San Diego da Robert Anda na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun yi wa manya fiye da 17,000 tambayoyi a kan ƙuruciyarsu. An ci zarafinsu? An yi watsi da su? Sun taɓa ganin ana dukan mahaifiyarsu? Akwai mashayi, ko mai tabin hankali, ko wanda aka ɗaure a gidansu? Iyaye sun rabu? Kusan biyu bisa uku sun ce sun fuskanci aƙalla ɗaya daga cikin waɗannan, mutum ɗaya cikin takwas kuma ya fuskanci huɗu ko fiye. Gwargwadon yawan wahalar ƙuruciya, gwargwadon haɗarin ciwon zuciya, baƙin ciki mai tsanani da shaye-shaye bayan an girma. Akasarin waɗanda aka tambaya Turawa ne masu ilimi da rufin asiri, abin da ya nuna cewa matsalar ba ta tsaya a gidan talaka ba.

Cibiyar nazarin tasowar yara ta Jami'ar Harvard, ƙarƙashin Jack Shonkoff, ta yi bayanin abin da ke faruwa a jikin yaro. Tsoro na ɗan lokaci, kamar na allura ko na ranar farko a makaranta, ba ya cutarwa. Ko babban tashin hankali, irin mutuwar wani a gida, yaro yana iya jurewa muddin akwai babba a kusa da zai rungume shi ya kwantar masa da hankali. Wanda ke yin ɓarna shi ne fargabar da ta daɗe, ta yi ta maimaituwa, babu kuma mai tare wa yaro. A irin wannan hali jiki yana ta sakin sinadaran fargaba, sashen ƙwaƙwalwa mai hango haɗari ya kasance kullum a shirye, alhali sashen gaba, mai riƙe fushi da auna sakamako, bai gama nuna ba tukuna a shekara huɗu. Sai ka ga yaro yana zabura da ƙarar rufe ƙofa, yana ɗaukar ture shi da aka yi bisa kuskure a layi a matsayin hari, ya kai duka, ko ya ruga waje, ko ya daskare ya ƙi magana. Ruwa ba ya tsami banza.

Wani bincike da aka buga a 2019, shi ma daga alƙaluman lafiyar yara na 2016, ya haɗa zaren biyu: duk ƙarin nau'in wahala ɗaya da yaro ya fuskanta a gida yana ƙara yiwuwar a dakatar da shi ko a kore shi da kimanin kashi 80 cikin 100. Wato yaron da ya fi kowa buƙatar wuri mai aminci shi ake fara rufe wa ƙofa, a mayar da shi inda damuwar ta samo asali. Uwa kuma, wadda sau da yawa ita kaɗai ke riƙe da gida, ta bar wurin aiki da rana tsaka don ɗaukarsa, idan abin ya yawaita aikin ma ya kuɓuce mata, ƙuncin gida ya ƙaru.

Yadda abin yake a cikin aji

A 2014 hukumar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da matsalar shaye-shaye ta Amurka ta taƙaita tsarin a matakai huɗu: a san cewa irin wannan rauni ya yawaita, a gane alamunsa, a gyara yadda ake gudanar da aiki don a dace da shi, a kuma guji fama wa mai ciwo ciwonsa. A takarda abin ba wuya. A cikin aji mai yara 18 ne ake gane nauyinsa.

A ɗauki lokacin tattara kayan wasa, wanda malamai suka san shi ne lokacin rikici. Yaro ya gina hasumiya da 'yan katakai, aka ce lokaci ya yi, wata yarinya ta ɗauke guda ɗaya, shi kuwa ya ture ta ya kifar da kujera. A tsohon tsari malama za ta daka masa tsawa daga nesa, ta ja shi zuwa kujerar ladabtarwa shi kaɗai, idan ya ƙi zama a kai shi ofis, a buga wa uwarsa waya ta zo ta tafi da shi. A sabon tsari malama za ta fara tabbatar da cewa yarinyar ba ta ji ciwo ba, mataimakiyarta ta janye sauran yara gefe. Sannan ta durƙusa har idonta ya yi daidai da nasa, ta sassauta murya: "Na ga ranka ya ɓaci. Ka sha wahalar ginin nan. Ba zan bari ka doki kowa ba, ba kuma zan bari kowa ya doke ka ba. Zo mu ja numfashi tare." Ba ta yi masa wa'azi a lokacin, domin yaron da zuciyarsa ke bugawa da sauri ba ya jin nasiha. Akwai wani lungu a ajin da aka shimfiɗa tabarma mai laushi da matashi da hotunan fuskoki masu nuna fushi, tsoro da murna. Can za su zauna tare har ya huce. Bayan ya huce ne zai ɗaga kujerar da ya kifar, ya je ya duba yarinyar, a koya masa abin da zai ce gobe idan an taɓa masa kaya.

Mafi yawan aikin ma kafin rikici ake yinsa. Ana liƙa jadawalin yini da hotuna don yaro ya san abin da ke tafe. Ana sanar da yara minti biyar kafin a sauya aiki. Ana tarbar kowane yaro da sunansa a bakin ƙofa. Idan malama ba za ta zo gobe ba, ana gaya musu tun yau, domin yaron da ya saba manya suna ɓacewa daga rayuwarsa ba ya ɗaukar wannan da sauƙi. A birnin Kansas na jihar Missouri, cibiyar yara ta Crittenton ta kafa shirin Trauma Smart a makarantun Head Start, wato makarantun reno na 'ya'yan marasa ƙarfi da gwamnatin tarayya ke ɗaukar nauyinsu tun 1965. Abin da ya bambanta shirin shi ne horon bai tsaya kan malamai ba. Direban bas, mai dafa abinci da iyaye duk suna zama a koya musu abu ɗaya, don kada abin da malama ta gina da safe wani ya rushe shi a hanyar komawa gida.

Masu sukar tsarin suna cewa shagwaɓa ce, yaro zai koyi cewa duka ba shi da hukunci, sauran yara 17 kuma su ne za su ɗanɗana kuɗarsu. Damuwar tana da hujja, domin iyayen yarinyar da aka ture su ma suna da haƙƙi. Amma tsarin, idan an yi shi yadda ya kamata, bai cire iyaka ba: yaron ya ji cewa ba za a bar shi ya doki kowa ba, kuma ya gyara abin da ya ɓata. Abin da aka cire shi ne korar. Ɗan shekara huɗu ba ya iya haɗa zaman gida na kwana uku da cizon da ya yi ranar Litinin. Abin da yake fahimta kawai shi ne ba a son sa a can.

Wa ke yanke hukuncin?

Gilliam ya sha nanata cewa kora shawara ce ta babba. Yara biyu za su yi abu iri ɗaya a azuzuwa biyu, a kori ɗaya, ɗayan ya kammala shekararsa. Bincikensa ya nuna abubuwan da ke hasashen kora, kuma da yawansu ba su shafi yaron ba: yawan yara a hannun malama ɗaya, tsawon sa'o'in da ake yi a makaranta, da irin gajiya da ƙuncin da malamar ke ciki. Malaman da suka ce aikin ya yi musu nauyi sun fi sauran kora nesa ba kusa ba. Ba abin mamaki ba ne idan aka san cewa masu renon yara suna cikin ma'aikata mafi ƙarancin albashi a Amurka, kusan dala 15 a awa, da yawansu kuma su ma sun taso cikin irin wahalar da ake cewa su gane a jikin yara.

Akwai kuma abin da ido ke yi ba da sanin mai shi ba. A 2016 Gilliam da abokan aikinsa sun zaunar da malamai 135 a gaban kwamfuta mai bin motsin ido. Aka nuna musu bidiyon yara huɗu suna wasa a teburi ɗaya: namiji da mace baƙaƙe, namiji da mace Turawa. Aka ce su danna maɓalli duk lokacin da suka hango alamar rashin ji. Alhali babu wani rashin ji a bidiyon, yaran wasansu kawai suke yi. Na'urar ta nuna idanun malamai sun fi daɗewa a kan yaro namiji baƙar fata, kuma da aka tambaye su wanda ya fi buƙatar sa ido, kashi 42 cikin 100 suka nuna shi.

Kashi na biyu na gwajin ya fi shafar batunmu. An ba malaman labarin wani yaro mai tayar da rikici a aji, wasu aka sa masa sunan da aka fi sani da baƙaƙe kamar DeShawn, wasu na Turawa kamar Jake. Rabin malaman an ƙara musu bayanin halin da gidan yaron ke ciki: uwa ita kaɗai, ayyuka barkatai, rashin kwanciyar hankali. Inda malama da yaro suke launi ɗaya, wannan bayani ya sa ta sassauta, ta ga halin nasa bai kai yadda ta zata ba. Inda launinsu ya bambanta, bayanin ya sa ta ga halin ya ƙara muni. Wannan gargaɗi ne babba ga masu zaton da zarar malama ta san tarihin yaro tausayi zai biyo baya. Wani lokaci sanin yana sa ta yanke ƙauna, ta ce wannan ya fi ƙarfinta. Shi kansa Robert Anda, tare da wasu abokan aikinsa, ya yi gargaɗi a 2020 cewa kada a riƙa amfani da ƙidayar wahalhalun ƙuruciya wajen auna mutum ɗaya, domin an tsara ta ne don nazarin al'umma. Yaro mai maki huɗu da ke da kaka mai ƙaunarsa yana iya fin mai maki ɗaya kwanciyar hankali. Makarantar da ke lissafa wa yara maki tana iya sauya musu suna kawai, daga "gagararre" zuwa "mai rauni", ta ci gaba da kallon su a matsayin matsala.

Doka da iyakarta

A watan Disamban 2014 ma'aikatun lafiya da na ilimi na Amurka suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa suna kira da a kawar da kora a makarantun ƙananan yara. A 2016 aka haramta ta a Head Start, aka kuma taƙaita dakatarwa ƙwarai. Jihohi suka bi sahu: Connecticut ta yi dokarta a 2015, Illinois a 2017, Kalifoniya ta faɗaɗa tata a 2022. Dokar Illinois, wadda ta fara aiki a Janairun 2018, ta wajabta wa makaranta ta rubuta matakan da ta ɗauka don riƙe yaro, idan kuma abin ya gagara ta shirya mayar da shi wani wurin tare da iyayensa.

Katherine Zinsser ta Jami'ar Illinois da ke Chicago, wadda ta bi diddigin dokar ta kuma rubuta littafi a kan batun a 2022, tana cikin masu jan hankali ga korar da ba a rubutawa. Babu takarda, babu sa hannu. Ana dai buga wa uwa waya da ƙarfe 11 na safe yau, gobe ma haka, jibi a ce yaron ya riƙa zuwa rabin yini, ko a ce sai wani daga gida ya zo ya zauna da shi a aji, ko a gaya mata cikin ladabi cewa wurin nan bai dace da shi ba. Uwa ta gaji ta cire ɗanta da kanta, littafin makaranta kuma ya nuna ba a kori kowa ba. Dokar da ta ƙwace kora daga hannun malama ba ta ba ta wani abu a madadi ba, irin wannan take haifarwa.

Me hujja ta nuna?

A nan akwai buƙatar taka tsantsan. A 2019 Brandy Maynard da abokan aikinta sun tace dubban rubuce-rubuce suna neman gwaje-gwaje masu inganci da suka auna tasirin mayar da makaranta baki ɗaya kan wannan tsari. Ba su samu ko ɗaya da ya cika sharuɗɗansu ba. Hakan ba ya nufin tsarin ba ya aiki. Yana nufin yaɗuwarsa ta riga gwajinsa, kuma horon yini ɗaya da ake yi wa malamai a ba su takardar shaida ba shi da wata hujja a bayansa.

Abin da ya fi samun goyon bayan bincike shi ne tura ƙwararre kan lafiyar tunanin ƙananan yara ya riƙa shiga aji yana aiki da malama. A binciken 2005, azuzuwan da ke da irin wannan mai ba da shawara a kusa sun yi kora kusan rabin ta waɗanda ba su da shi. Aikinsa shi ne ya zauna a bayan aji ya lura da lokacin da rikici ke tashi da abin da ke gabatarsa, ya tattauna da malama da iyaye, su tsara abin da za a gwada, ya dawo mako mai zuwa a duba. Connecticut ta kafa irin wannan shiri a duk faɗin jihar tun 2002. Gwajin da aka yi masa ta hanyar raba azuzuwa da ƙuri'a, wanda aka buga a 2016, ya nuna raguwar ƙiriniya da tayar da rikici a cewar malamai, ko da yake bai nuna bambanci a yiwuwar kora ba. A Chicago ma wani gwaji da Cybele Raver ta jagoranta a makarantun Head Start, wanda ya haɗa horar da malamai, ziyarar ƙwararre kowane mako da koya musu rage wa kansu gajiya, ya nuna halayen yara sun gyaru. Jihar Arkansas kuwa tun 2016 ta buɗe hanyar da makaranta za ta nemi agaji kafin ta sallami yaro, a turo mata wanda ya dace da matsalar.

Kada a ce sai ƙasa mai kuɗi. A Jamaika, Helen Baker-Henningham ta gwada wani shiri mai sauƙin kuɗi a makarantun reno 76 na Kingston, inda aka horar da malamai aka kuma riƙa bin su aji ana taimaka musu. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna duka da zagin da malamai ke yi wa yara sun ragu da kimanin biyu bisa uku. Wannan ya fi kusa da halinmu. A ƙasar Hausa ba kasafai ake rubuta wa ɗan nasare takardar dakatarwa ba, bulala ce da kamun kunne da tsawa. Amma azuzuwan Borno, Yobe, Zamfara, Katsina, Diffa da Maraɗi cike suke da yaran da suka kwana a daji suna gudun 'yan bindiga, ko suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Wasunsu su ne ake kira masu taurin kai, wasu kuma ana ce musu daƙiƙai don sun yi shiru. Malamin da ke riƙe da yara masu yawa shi kaɗai, albashi kuma ba ya isa, shi ma yana buƙatar mai dafa masa.

Darasin da ya fito daga Amurka shi ne abubuwa uku sai sun tafi tare. Doka ta rufe ƙofar kora, ta kuma tilasta ƙidaya kowane yaron da ya bar makaranta kafin ƙarshen shekara da dalilin tafiyarsa, a rarrabe alƙaluman bisa jinsi da launi, don korar ɓoye ta fito fili. Horo ya zama na dindindin, a cikin aji, ya kuma taɓo son zuciyar da malama ba ta san tana da shi ba. Na uku, wanda ya fi tsada kuma aka fi gudu, shi ne rage yawan yara a aji, gyara albashi, da samar da ƙwararren da malama za ta kira ya zo cikin kwanaki kaɗan. Jihar da ta yi na farko da na biyu ta bar na uku za ta iya nuna rahoto mai kyau, amma yaran da ta so ta riƙe za su ci gaba da fita ta wata ƙofar. Ba a neman haƙuri mara iyaka daga wadda aka bari ita kaɗai da yara 18 na tsawon awa takwas. Idan ana so ta riƙe yaro mai wahala, sai an ba ta abin riƙe shi.